Zafin Ƙananan Kwamfutoci Masu Fanel Ɗaya: Digiri Nawa Ne Daidai, Kuma Yaushe Ake Bukatar Fanka?

Duk wanda ya taɓa ɗora yatsa a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, bayan ta yi rabin awa tana aiki mai nauyi ya san irin saurin da ake janye hannu da shi. Abin da ke biyo baya kusan kullum fargaba ce, domin na'urar da girmanta bai wuce katin cirar kuɗi na banki ba, babu fanka, babu murfi, ga kuma ƙarfen da ke tsakiyarta yana neman ɗaye fata. Mai ita yakan ɗauka cewa saura ƙiris ta ƙone. Sai dai yatsa ba alƙalin da za a dogara da shi ba ne a wannan shari'a, saboda fatar ɗan'adam tana fara jin ciwo tun daga wajen digiri 45 a ma'aunin Salshiyas, alhali silikon da aka ƙera furosesa da shi yana gudanar da aikinsa lafiya lau a digiri 70. Abin da ya kamata mai na'ura ya sani shi ne inda iyakar take a zahiri, da kuma tazarar da ta rage tsakanin wannan iyaka da zafin ɗakin da ya ajiye ta. A ganina wannan tazara ce ke yanke hukunci a kan komai, kuma ita ce akasarin shawarwarin da ake karantawa ba sa ambata, domin waɗanda suka rubuta su suna zaune ne a ɗakunan da zafinsu bai cika wuce digiri 20 zuwa 25 ba.

Kwamfuta mai fanel ɗaya ita ce wadda aka haɗa dukan sassanta, daga furosesa da ma'ajiyar aiki zuwa ramukan USB da na intanet, a kan fanel guda. Akwai irinsu da yawa, kamar Orange Pi da BeagleBone da Odroid da Jetson na kamfanin Nvidia, amma Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a watan Fabrairun 2012 daga birnin Kambirij na Ingila, ita ce ta fi yaɗuwa, kuma masu ƙera ta sun fito da alƙaluman zafinta fili, don haka da ita zan riƙa kafa misali.

Tushen zafin ba ɓoyayye ba ne. Kusan duk wutar lantarkin da ta shiga furosesa a matsayin zafi take fita, tunda babu taya da take juyawa, babu nauyin da take ɗagawa. A cikinta akwai miliyoyin taransista da ke kunnuwa suna mutuwa sau biliyan ɗaya ko biyu a cikin daƙiƙa guda, kuma kowane kunnawa yana cin 'yar wuta. Idan aka ninka gudun, wutar da ake ci takan ninka. Ƙarfin wutar da ake ba furosesa kuwa, wato bolt, tasirinsa ya fi haka tsanani, domin ninka shi ake yi da kansa a lissafi: ƙarin kashi 10 cikin ɗari a ƙarfin wuta yana haifar da ƙarin kusan kashi 21 cikin ɗari a zafi. Sannan akwai wata wuta da ke yoyo ta cikin taransista ko da ba sa aiki, kuma wannan yoyo yana ƙaruwa yayin da silikon ke ɗumama, ma'ana zafi da kansa yana haifar da ƙarin zafi. Wannan shi ya sa mai tilasta wa furosesa gudun da ya wuce ƙa'idarta yakan ga zafi ya tashi fiye da ribar saurin da ya samu.

Raspberry Pi ta farko tana da ƙwaya ɗaya, wato sashen furosesa da ke yin lissafi, mai gudun megahaz 700, kuma ba wanda ya damu da sanyaya ta. Maganar ta fara canjawa a 2016 da fitowar Pi 3 mai ƙwaya huɗu da gudun gigahaz 1.2. A watan Maris na 2018 aka fitar da Pi 3B+, mai gudun gigahaz 1.4, kuma a karon farko aka lulluɓe furosesar da murfin ƙarfe don ya baza zafin, aka kuma tsara fanel ɗin yadda jan ƙarfen da ke cikinsa zai riƙa jan zafi daga ƙasa. Pi 4 ta zo a watan Yunin 2019 da gudun gigahaz 1.5, ita ce kuma ta jawo ƙorafi mafi yawa, domin idan aka ba ta aiki mai nauyi ba tare da wani abin sanyaya ta ba, cikin mintuna kaɗan take kaiwa iyaka. Kafin ƙarshen wannan shekarar aka gyara manhajar da ke sarrafa fanel ɗin, musamman ta ayisin USB mai suna VL805, wato ɗan guntun da ke kula da ramukan USB, wutar da na'urar ke ci ta ragu, zafinta ya sauka ba tare da an taɓa ko da ƙusa ɗaya a jikinta ba. Wannan darasi ne mai amfani har yau, domin wanda yake riƙe da tsohuwar Pi 4 mai zafi ya kamata ya fara sabunta manhajarta kafin ya kashe kuɗi a kan fanka. Pi 5 ta 2023 tana gudu a gigahaz 2.4, kuma masu ƙera ta sun ce idan aka ƙure ta takan ci wajen wat 12, inda Pi 4 ke cin wajen wat 8. Girman fanel ɗin dai bai canja ba tun farko, santimita 8.5 ne a tsawo da 5.6 a faɗi, sai zafin da ake nema ya fita ta wannan ɗan fili ya yi ta ninkawa.

Iyakar da aka gindaya wa furosesar ita ce digiri 85, amma na'urar ba ta jira sai ta kai can. Da zarar ma'aunin da ke cikin furosesa ya nuna digiri 80, manhajar fanel takan fara rage gudun ƙwayoyin a hankali, kamar direban da ya ga allurar zafi ta tashi a kan tudu ya sassauta ƙafa daga totur. Idan duk da haka zafin ya kai 85, sai a rage gudun sosai, har da na sashen da ke sarrafa hoto. Da zafi ya sauka, gudu ya dawo. Saboda haka furosesar Raspberry Pi ba ta ƙona kanta da aiki, kuma wanda ya ga 82 a fuskar kwamfutarsa bai kamata ya zare waya da gaggawa ba. Asarar da yake yi ta sauri ce: bidiyon da ke tafiya sumul zai fara tsinkewa, lissafin minti goma zai ɗauki sha biyar, kuma sau da yawa ba zai ga wani saƙon kuskure da zai bayyana masa dalili ba.

Daga nan za a iya fahimtar abin da ake nufi da zafi na ƙa'ida. A ɗaki mai matsakaicin sanyi, Pi 4 da ba ta aikin komai takan zauna tsakanin digiri 40 da 50 da 'yan kai, idan kuma tana aiki takan haura 60 zuwa 70 da wani abu. Duk wannan lafiya ne. Abin da ya cancanci a kira matsala shi ne na'urar da ke zama a 80 ko sama da haka na tsawon sa'o'i, kullum, a kan aikin da aka ajiye ta dominsa.

Amma waɗannan alƙaluma ba su da ma'ana sai an haɗa su da zafin ɗaki, kuma nan ne nake son mai karatu ya tsaya sosai. Ƙarfen shan zafi da fanka ba sa ƙirƙirar sanyi. Aikinsu kawai su miƙa zafin furosesa ga iskar da ke kewaye, don haka ba za su taɓa saukar da ita ƙasa da zafin wannan iskar ba. Zafin furosesa a kowane lokaci shi ne zafin ɗaki, a tara da ƙarin da aikinta ya haifar, kuma wannan ƙarin ya dogara ne a kan abu biyu, wato yawan wat ɗin da take ci da kuma sauƙi ko wuyar hanyar da zafi zai bi ya fita. A ɗauka, don misali kawai, cewa fanel tsirara yana ƙaruwa da digiri 10 a kan kowane wat, kuma yana cin wat 5. Ƙarin ya zama digiri 50. A ɗaki mai digiri 22 furosesar za ta tsaya a 72, mai ita ya ce ba ta bukatar komai, kuma gaskiya ya faɗa. A kai wannan na'ura ɗin, da wannan aiki, ɗaki mai digiri 42, sai lissafi ya ba da 92, wanda ya wuce iyaka, don haka za ta wuni tana rage gudu. Idan aka sa mata ƙarfe da fanka har ƙarin ya sauko zuwa digiri 4 a kan kowane wat, a ɗakin mai 42 ɗin za ta zauna a 62.

Digiri 42 kuwa a ƙasar Hausa ba misalin takarda ba ne. Daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a Sakkwato da Kano da Maiduguri da Yamai da Damagaram yakan haura 40, kuma wannan a inuwa ake auna shi. Ɗaki mai rufin kwano wanda ba shi da silin yakan fi waje zafi da la'asar. Takardar bayanin Pi 4 ta ce an tsara ta ne don aiki a iskar da ke tsakanin digiri 0 da 50, wanda ke nufin cewa malamin da ya ajiye ta a ajin makaranta tana raba wa ɗalibai darussa ba tare da intanet ba, ko wanda ya sa ta kula da batiran sola a wani ɗan ɗaki a bayan gida, a bazara yana daf da bakin wannan iyaka tun kafin na'urar ta fara aikin komai. Shawarar da ta ce ba a bukatar fanka ba ƙarya ba ce, amma kafin mu yi aiki da ita sai mun ƙara digiri 20 a kan kowane adadi da ta ambata.

Akwai wurare biyu da wannan bambanci ke fitowa ƙarara. Na farko shi ne Pi 3B+, wadda aka sa mata wata iyaka ta sassauci a digiri 60, inda take sauka daga gigahaz 1.4 zuwa 1.2 don ta jinkirta isa ga babbar iyakar. A ɗaki mai sanyi wannan dabara ce mai kyau, domin na'urar takan more cikakken gudu na ɗan lokaci kafin ta kai 60. A ɗaki mai digiri 40 kuwa tana iya kusantar 60 tana zaune ba aiki, sai ya zama mai ita ya biya kuɗin gigahaz 1.4 amma kusan kullum 1.2 yake samu. Ana iya ɗaga wannan iyaka zuwa 70 ta hanyar saitin temp_soft_limit a config.txt, wato fayil ɗin saitin na'urar, kuma a yanayinmu yin hakan tare da ƙarfen shan zafi yana da hujja. Na biyu shi ne fankar Pi 5. An tsara ta ta kasance a kashe ƙasa da digiri 50, ta fara juyi a hankali a 50, ta ƙara a 60, ta sake ƙarawa a 67.5, ta kai ƙarshen gudunta a 75. Manufar ita ce fanka ta riƙa hutawa mafi yawan lokaci. Inda iska kanta take 40, da wuya furosesar ta sauko ƙasa da 50, don haka fankar za ta yi ta juyi dare da rana, ta fi saurin tsufa, ta kuma fi jawo ƙura.

Wani abin da ake mantawa shi ne cewa adadin da ake gani na furosesa ne kaɗai, alhali ita ce ta fi kowa juriya a fanel ɗin, ita ce kuma mai iya kare kanta. Masu ƙera Raspberry Pi sun daɗe da bayyana cewa furosesar tsofaffin samfura an gwada ta daga digiri 40 ƙasa da sifili zuwa 85, amma ayisin da ke kula da USB da wayar intanet a kansu iyakarsa digiri 0 zuwa 70 ce. Katin memori na yau da kullum yakan jure har 85 a takarda, sai dai zafi na dogon lokaci yana hanzarta lalacewar bayanan da ke cikinsa, kuma shi ne sashen da ya fi yawan mutuwa a irin waɗannan na'urori. Ma'ajiyar NVMe da ake ɗora wa Pi 5 akasari iyakarta 70 ce, kuma ita ma zafi take fitarwa. Kafasitocin da ke cikin caja suna da wata ƙa'ida da injiniyoyi suka sani, cewa duk ƙarin digiri 10 yana rage tsawon ransu da kusan rabi. Batirin litiyam shi ne mafi rauni, domin yawanci ba a yarda a yi cajinsa sama da digiri 45 ba. Wanda ya cusa fanel da batir a akwati guda, ya rufe, yana kallon 70 yana jin daɗin cewa bai kai 80 ba, bai san cewa batirin da ke gefe ya riga ya shiga haɗari ba. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake ganin sanyaya na'urar da za ta yi shekaru a kunne ya dace ko da ba ta taɓa rage gudu ba.

Auna zafin ba shi da wuya. Umarnin vcgencmd measure_temp, idan aka rubuta shi a tagar ba da umarni ta na'urar, yana ba da adadin kai tsaye, a sauran fanel masu amfani da Linux kuma ana karanta shi a fayil ɗin /sys/class/thermal/thermal_zone0/temp, inda 58000 ke nufin digiri 58. Amma umarnin da ya fi amfani shi ne vcgencmd get_throttled, domin yana riƙe da tarihin abin da ya faru tun lokacin da aka kunna na'urar. Idan ya ba da 0x0, ba a taɓa rage gudu ba. Idan ya ba da wani abu kamar 0x50000, yana nuna cewa wuta ta taɓa yin ƙasa kuma an rage gudu saboda haka. Nan ne mutane da dama ke ruɗewa, domin ƙarancin wuta da yawan zafi alamarsu ɗaya ce, wato raguwar sauri. Raspberry Pi tana son bolt 5, kuma da zarar wutar ta faɗi ƙasa da kusan 4.63 takan rage gudu don ta tsira. Pi 4 tana bukatar caja mai amfiya 3, Pi 5 kuma mai amfiya 5 idan ana son cikakken ƙarfinta. Cajar waya mai araha da siririyar waya ba sa kai wannan, kuma na sha ganin wanda ya sayi fanka ya jona ta a jikin fanel ɗin, ya ƙara wa raunanniyar cajar nauyi, matsalar ta ƙaru maimakon ta ragu. Kafin a zargi zafi, a tabbatar da wuta.

Idan an tabbatar zafi ne, mataki na farko ba ya cin ko kobo. Iska mai ɗumi sama take tashi, don haka fanel da aka kwantar a kan tebur yana tara zafi a ƙarƙashinsa, wanda aka tsayar a gefensa kuwa iska tana shafar fuskokinsa biyu. Gwajin da aka wallafa a shafin Raspberry Pi a ƙarshen 2019 ya nuna cewa tsayar da Pi 4 kawai yana jinkirta rage gudunta sosai. Akwatin roba da aka rufe ruf shi ne mafi munin mazauni, domin roba ba ta ɗaukar zafi kuma iskar da ke ciki ba ta da mafita. Huda ramuka a ƙasa da sama, yadda iska mai sanyi za ta shiga ta ƙasa mai ɗumi ta fita ta sama, ya fi huda su a gefe ɗaya.

Ƙarfen shan zafi aikinsa irin na haƙoran da ke jikin injin babur ne, wato faɗaɗa filin da iska ke shafa. Ƙananan nan masu girman farce da ake sayarwa uku-uku suna taimakawa kaɗan, amma akasarin taimakonsu jinkiri ne, domin bayan mintuna su ma sun cika da zafi, idan kuma suna cikin rufaffen akwati babu inda za su zubar da shi. Abin da ya fi girman ƙarfen muhimmanci sau da yawa shi ne mahaɗarsa da furosesa. Fuskokin biyu a ido sumul suke, amma tsakaninsu akwai ƙananan ramuka cike da iska, ita kuwa iska kusan ba ta ɗaukar zafi: alminiyam ya fi ta iya ɗauka sau dubbai, jan ƙarfe kuma ya kusa ninka alminiyam. Man shan zafi ko ɗan laushin faifan da ake sawa a tsakani aikinsa korar wannan iskar ne kawai, shi ya sa ɗan ɗigo da aka matse ya bazu ya fi lafta mai yawa, domin man da kansa bai kai ƙarfe iya ɗaukar zafi ba. Salatif mai manne gefe biyu na ofis, wanda wasu ke liƙa ƙarfen da shi, katanga yake zama tsakanin furosesa da ƙarfen. Haka kuma a duba ledar kariya da ke jikin sabon faifan, domin barinta a kai kuskure ne da ake yawan yi.

A yanayinmu, hanyar da na fi gamsuwa da ita ga Pi 4 da waɗanda suka gabace ta ita ce akwatin alminiyam wanda aka yi masa ginshiƙi daga ciki yana taɓa furosesa, ta yadda dukan akwatin ya zama ƙarfen shan zafi. Irin wannan tunani ne aka bi a Pi 400 ta 2020, wadda aka shimfiɗa mata babban faifan ƙarfe a ƙarƙashin madannai har ta iya gudu a gigahaz 1.8 ba tare da fanka ba, haka ma Odroid N2 da aka ɗora fanel ɗinta a kan ƙaton ƙarfe. Mai irin wannan akwati zai ji jikinsa ya yi zafi, kuma wannan shaida ce ta cewa zafin yana fita. Illarsa ita ce ƙarfe yana raunana siginar Wi-Fi, don haka wanda ya dogara da ita sai ya nemi mai murfin roba ko ya yi amfani da wayar intanet.

Fanka ta fi kowace hanya ƙarfi, domin ko iska kaɗan ce ta gitta kan haƙoran ƙarfe tana share ɗumammiyar iskar da ke manne da su. Ga Pi 5 mai aiki mai nauyi na dogon lokaci, ko fanel irin Orange Pi 5 mai ƙwaya takwas, a ɗaki mai zafi ba na ganin akwai makawa daga gare ta. Sai dai ita ce kaɗai sashe mai motsi a na'urar, kuma abokiyar gabarta ƙura ce. Wanda ya buɗe akwati mai fanka a ƙarshen hunturu ya san abin da zai tarar: ƙura mai laushi kamar garin tuwo ta kwanta a kan fukafukan, ta cushe tsakanin haƙoran ƙarfen har ta dunƙule kamar auduga, idan ka ja ta da tsinke ta taso gaba ɗaya. Irin wannan ƙarfe bargo ya zama. Bayan haka fankar takan fara ƙara, ta riƙa tsayawa tana tashi, ranar da ta tsaya cak kuma ba wanda zai sani sai an ga aiki ya yi nawa. Saboda haka tsari mafi aminci shi ne a zaɓi ƙarfen da shi kaɗai zai iya riƙe na'urar kusa da iyaka, fanka ta zama ƙari, sannan a sa ranar share ta da busasshen burushi da hura iska, ana riƙe fukafukan da yatsa don kada su juya da ƙarfi yayin hurawa.

Na'urar da za a girke a waje, kamar mai auna yanayi a gona ko mai kula da famfon sola, matsalarta ta wuce duk wannan. Da tsakar rana hasken da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya yana kai wajen wat 1,000. Akwati mai murfin santimita 20 a tsawo da 20 a faɗi yana karɓar kusan wat 40, wato ninki biyar na abin da Pi 4 ke fitarwa idan an ƙure ta, kuma baƙin akwati yana shanye mafi yawansa. Fanka a cikin irin wannan rufaffen akwati zafi kawai take juyawa. Maganin shi ne farin fenti, da rumfa a sama wadda aka bar tazara tsakaninta da murfin don iska ta ratsa, ko kuma a rataye akwatin a inuwar faifan sola. Idan dole ne a rufe shi saboda ƙura da ruwan damina, sai a haɗa furosesa da bangon ƙarfe na akwatin kai tsaye, zafi ya fita ta jiki maimakon ta rami.

Akwai kuma hanyar da mutane ba sa son ji, wato rage gudun da gangan. Aiki da yawa da ake ba waɗannan na'urori, kamar karanta ma'auni kowane minti ko raba fayiloli ga wayoyi ashirin, ba sa bukatar ko rabin ƙarfinsu. Saukar da adadin arm_freq a config.txt, da kashe sassan da ba a amfani da su, yana rage zafi tun daga tushe, yana kuma tsawaita batir ga wanda ke kan sola. Wani lokaci ma zaɓen fanel ne kuskuren: aikin da Pi Zero 2 W za ta yi da wat biyu ko uku ba ya bukatar Pi 5.

Duk tsarin da aka zaɓa, a gwada shi a halin da zai zauna. A rufe akwatin yadda za a bar shi, a ajiye shi a wurin da zai yi aiki, a ɗora masa cikakken nauyi da manhaja irin stress-ng ko ainihin aikin da aka tanadar masa, a bar shi aƙalla rabin awa, domin ƙarfe mai kauri yana ɗaukar lokaci kafin ya cika kuma gwajin minti biyar yana yaudara. A rubuta zafin furosesa tare da zafin ɗakin a daidai wannan lokaci, a cire na biyu daga na farko. Idan an yi gwajin ne da safiyar Janairu ɗaki yana 20 furosesa ta tsaya a 65, ƙarin 45 ke nan, kuma a ranar da ɗakin zai kai 43 a watan Afrilu za ta nemi 88, don haka tun yanzu ake neman ƙarfe mafi girma.